Zuwa Jibiya Saboda Aikin Talatu

Daga Katsina

Na bar gida ana kiran assalatu, yayyafi na sauka a hankali. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ni ke riƙe da sashen mata a reshen ƙungiyarmu ta ma'aikatan lafiya. Abin da ya tashe ni kiran wata Talatu ne, mai taimaka wa ungozoma a wani ƙaramin asibiti kusa da bakin iyakar Jibiya. Ta daɗe tana aikin wucin gadi a wurin. Da ta tara 'yan uwanta mata suka yi shawarar shiga ƙungiya, sai aka ce mata kada ta ƙara zuwa. Da baki aka faɗa mata, a gaban marasa lafiya.

A tasha na samu gefen taga. Direban, wani dattijo marar yawan magana, ya ce idan shingayen jami'an tsaro ba su riƙe mu ba za mu isa kafin rana ta buɗe. Damina ta zauna sosai, gero ya fitar da kai, ko'ina kore shar kamar an wanke duniya. Gyangyaɗi ya riƙa ɗaukata. A kowane shinge sai in farka, in ga fuska a taga, in ji an buɗe but ɗin mota an rufe, in koma barci. Tsakanin shinge da shinge na ga marigayiya mahaifiyata, wadda ta ƙare rayuwarta tana sharar asibiti, tana tafiya cikin gonakin nan da fararen kaya, ba tsintsiya a hannunta. Ina so in kira ta, mota ta faɗa rami.

Magama da bakin iyaka

A Magama na sauka. Talatu na jirana a gindin wata rumfa, doguwar mace mai sanyin murya. Muka sha koko da ƙosai a tsaye, sannan muka hau babura zuwa wajen iyaka. Manyan motoci sun yi layi, direbobi na kwance a ƙarƙashinsu, hazon ruwa bai gama tashi ba. Na duba gaba ina neman inda Najeriya ta ƙare, ban gani ba. Gonar gero ce ta miƙe har can, tattabaru na shiga suna fita.

Wani jami'i mai kaki ya tambaye ni inda za ni. Na miƙa masa katin ƙungiya. Ya daɗe yana dubawa, fiye da yadda aikinsa ya buƙata, sannan ya ce su masu kaki doka ba ta ba su damar kafa irin wannan ƙungiya ba.

"Mu sai dai mu kai kuka sama, mu jira," in ji shi. Ya mayar mini da katin da hannu biyu.

Asibitin

Ginin ɗakuna kaɗan ne da darbejiya a tsakar gida. Talatu ta ƙi shiga, ta zauna a tabarma a gindin bishiyar. Wata tsohuwa da ta kawo jikarta daga ɓangaren Maraɗi ta tambaye ni ko ni ce ta sandika, wato sunan da suke kiran ƙungiyar ƙwadago a can. Na ce ni ce. Ta ce, "To ki yi ƙoƙari, ɗiyata. Wagga yarinya ita muka sani a nan."

Shugaban asibitin, Malam Lawal, ya karɓe ni da mutunci. Bayan gaisuwa ya ce shi ba shi da wata ƙullalliya da Talatu, umarni ne daga sama, kuma an gaya masa mai aikin wucin gadi ba shi da hurumin shiga ƙungiya. Na yi masa bayani a tsanake cewa tsarin mulki ya ba kowa 'yancin haɗuwa da 'yan uwansa don kare kansa, kuma dokar ƙwadago ta hana a kori ma'aikaci saboda ƙungiya. Na ce idan akwai laifin da ta yi a bakin aiki, a zauna a faɗa a gabanta, ta amsa.

"Kai ma ɗan ƙungiyarmu ne, Malam," na ce masa. "Ran da aka taɓa ka, ni ɗin nan za a turo."

Ya juya yana kallon taga. Lokacin hutun cin abinci ne. Matan asibitin, masu shara da masu wanki da mai ba da kati, sun fito ɗaya bayan ɗaya sun zauna a tabarmar Talatu. Iska na kaɗa darbejiya, ganye na zuba a kan hijabansu, ba wadda ta kakkaɓe.

Malam Lawal ya ɗauki waya ya fita. Na hango shi yana kai da kawo a bayan gini, yana magana, yana shiru, yana shafa kai. Da ya dawo ya ce an yarda Talatu ta koma aiki har kwamitin da zai duba maganarta ya zauna, kuma za a ba ƙungiya kujera a zaman. Ba shi ne duk abin da na zo nema ba, amma na karɓa.

Da na gaya mata, Talatu ta tambayi inda rigar aikinta take. Wata mai shara ta sa hannu cikin hijabi ta fito da ita, a wanke, a goge, a ninke. Tun ran da aka kori Talatu, kullum da rigar mai sharar take zuwa aiki.

Komawa

Direbobi ba sa son hanyar da yamma, don haka na kama mota kafin la'asar, da ƙullin fura da Talatu ta tilasta mini. Hadari ya biyo mu daga arewa bai cim mana ba. Na shiga gida ana sallar magariba.

Har yanzu kwamitin bai zauna ba, amma jiya Talatu ta kira ni, na ji kukan jariri a bayan muryarta, ta ce tana bakin aiki ba za ta daɗe ba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa matan nan da suka bar abincinsu ya huce suka zauna a tabarma.