Malam Bawa da Tukunyar Hayaƙi

Ku da kunka san Malam Bawa mai turare, kun san ba ya amsa gaisuwa sai ya kamo hannun rigarka ya kai hanci. Sa'annan ya gaya maka inda ka fito: gonar albasa, ko wurin masu kifi, ko gidan da ba ka so a sani. Ni Sahabi tela, shekara goma sha ɗaya muna rumfa guda a kasuwar Goronyo, kekena nan, kwalabensa can, ban taɓa yi mishi ƙaryar da ta kwana ba.

Taurin kai kuwa ba a magana. Wani babban dillalin shanu ya taɓa zuwa daga Rabah, ya nuna kwalbar da ta fi tsada. Malam Bawa ya shinshina shi, ya mai da kwalba cikin akwati, ya ce, "Alhaji, turaren ga bai son ka." Mutumin ya ninka kuɗi, shi kuwa ya sa kwaɗo.

Abin da ya kusa zubar mishi da mutunci ya faru ne lokacin da ake aikin madatsar ruwa. Wata tsohuwa daga Rimawa, Inna Hajo, ta shigo rumfarmu tana lalube da sanda, don idonta ya kusa tafiya. Ɗanta Hamidu direban motar yashi ne a wurin aikin, motar ta kife da shi, ya rasu. Rigarsa guda ta ajiye tana shinshinawa, sai wata maƙwabciya ta wanke ta da nufin taimako. Ta san a wurin Malam Bawa yake sayen turare, ta saya ta shafa wa rigar, amma ba ta ji ɗanta ba.

Malam Bawa ya ce ya san abin da ya rage: Hamidu na shan taba. Tsohuwa ta roƙe shi kada a tona wa mamaci asiri. Ya ɗaukar mata alkawari.

To ku tuna, shi ne ladanin masallacin unguwarsu, wansa kuma shi ne Liman. Amma da rana tsaka ya tsaya teburin mai taba ya sayi kwali guda. Bayan rumfa yake kunna kara uku ya jefa cikin tukunya, ya rufe bakinta da audugar da ya jiƙa da man turare, ya zauna yana tari har hawaye. Na ce ya aike ni mana in sayo a ɓoye. Ya ce shi bai yi abin ɓoyo ba. Sau uku yana hawa keke zuwa Rimawa, sau uku tsohuwa na cewa ba shi ba ne.

Kafin mako biyu magana ta cika gari. Wasu sunka daina bin kiran sallarsa. Liman ya kira shi zaure bayan la'asar, gaban dattawa, ni ma na bi. Ba wanda ya amsa sallamarmu da ƙarfi. Malam Bawa ya rantse taba ba ta taɓa shiga bakinsa ba, amma dalilin sayenta ba zai faɗa ba. Liman ya ce ya zaɓa: ko bayani, ko ya bar kiran salla. Na buɗe baki, Malam Bawa ya danne mini ƙafa. Ya ciro 'yar kwalba ya ajiye tsakiyar tabarma, ya ce ga abin da yake yi.

Kwalba ta zaga har ta kai hannun Alhaji Garba, wanda ya kawo ƙarar, ya fi kowa zafi. Ya shaƙa, ya ce, "Kun ji ko? Wagga ma mai auduga a gindi ta, mai tsada, ba irin ta direbobi ba."

Malam Bawa ya matso a hankali. "Alhaji, ta direbobi wace iri ta?"

"Gajera, marar auduga, mai ɗaci," in ji shi, sa'annan ya ga yadda ake kallonsa. Ba wanda ya yi dariya. Liman dai ya dakatar da ƙanensa daga kiran salla. Daga zauren nan Malam Bawa ya wuce teburin mai taba, ya sayi gajerar.

Tafiya ta huɗu na raka shi. Ya ɗiga turaren a rigar, ya miƙa. Inna Hajo ta kifa fuskarta ciki, ta daɗe ba motsi, har na fara tsoro. Can ta ɗago ta ce, "Hamidu, ban hana ka shan abin ga ba?" Ta rungume rigar tana kuka. Munka fita ba sallama.

Wata biyu wani na kiran salla a wurinsa, shi yana sahun baya. Na kasa jurewa, na je na gaya wa Liman komai, don ni ban yi wa kowa alkawari ba. Anka mai da shi. Ladan da na samu kuwa, kwana arba'in bai yi mini magana ba, ga mu rumfa guda. In zai nemi almakashi sai ya gaya wa bango.

Allah ya jiƙan Malam Bawa, ya yafe mishi kurakurensa. Yadda ya rufa wa ɗan wata asiri, Allah ya rufa nasa ranar da za a tara mu. Amin.