Kwanon Karan Gero

Ni dai tun farko ban so wannan sha'ani ba. Yarinya an kai ta lakwal, an kai ta har jami'a a Yamai, ina ta aika mata da garin fura da ƙuli-ƙuli a mota, sannan ta dawo mini Filinge ta ce ita karan gero za ta daka. Kara fa! Wanda muke darni da shi, muke hura wuta. Na ce mata in daka take so, ga geron tuwo can yana jiran ta.

Ɗiyar ƙanwata ce. Uwarta ta rasu tana jaririya, ni kuwa Allah bai ba ni haihuwa ba, sai na ɗauke ta. A gindin tukunyata ta girma, inda nake saida shinkafa da miya a bakin kasuwa. Inna take ce mini. Tun hannunta bai kai ba take taya ni ƙulla wa mutane abinci a baƙar leda, kuma ledar nan ce ta tsaya mata a rai. Ta ce abinci mai zafi a leda cuta ne, in an yar kuma dabba ta haɗiye. Wannan kam gaskiya ne, duk wanda ya tsaya wurin mahauta ya ga abin da ake zarowa daga tumbin saniya. Na ce to ni dai ba ni na ƙago leda ba, zuwa ta yi ta iske ni.

Abin da take so shi ne kwano na kara, a ci abinci a yar, ƙasa ta cinye shi. Sai ta sassare karan, ta dafa shi da ruwan toka har ya yi laushi, ta daka, ta shimfiɗa a rariya, ta matse shi tsakanin wasu ƙarafa biyu da mai walda ya ƙera mata, ta shanya. Gidana ya koma warin toka. Turmina na kirki ta lalata mini shi, har yau in na daka yaji sai na ji wani ɗanɗano. Kwanonin farko da ta shanya a tsakar gida, awakin maƙwabta suka shigo suka cinye su tas. Na ɗauki muciya na bi su har waje ina zagi, na dawo na tarar da ita tana dariya har da hawaye, wai ai ga shaida, dabba ta ci kuma ba abin da zai same ta.

Wata rana ina tsintar shinkafa ta zo ta zauna kusa da ni, ta sa hannu a faifan. Da na ga haka na san akwai magana. Ta ce an ba ta gurbin ƙarin karatu a wata ƙasa mai nisa, na shekaru, kuma ana jiran amsarta kafin azumi. Amma ƙungiyar matan unguwarmu sun ce in kwanon ya riƙe abinci mai zafi, za su sa hannu a riƙa yin shi da yawa a nan.

"In ya riƙe, Inna, ina nan tare da ke," in ji ta. "In bai riƙe ba, to akwai abin da ban sani ba, sai na je na koyo."

Daga ranar ni da nake tsiya na fi ta zafi. Ni ce daka, ni ce roƙon kara wurin manoman da ke zuwa daga Tabla, ni ce bin matan Fulani su kawo mana ƙaro, domin da shi da sitacin rogo take shafe cikin kwanon kada ruwa ya ratsa. Har addu'a na yi wa kwano bayan salla, Allah na tuba. Ba ruwana da saniyar kowa a lokacin. So nake ta zauna, shi ke nan. Gwiwoyina sun fara ciwo, kuma shekarun da ta yi a Yamai na san yadda gidan nan yake in ba ta ciki.

Aka sa ranar kasuwa don gwaji. Matan ƙungiya suka zo suka jeru a rumfata, sun tare mini masu saye. Aka zaɓi wani dattijo makiyayi, tsohon mai cinikina, wanda kullum yakan ɗauki abincinsa ya tafi da shi can wurin dabbobi ya ci. In kwanon ya kai shi can lafiya, ya yi. Yarinyar ta miƙo mini kwanon, fari-fari, ba nauyi, ta ce, "Inna, ki zuba mishi yadda kike zuba ma kowa."

To, duk mai saida abinci ta san tukunyarta. A ƙasa miya take da kauri, a sama kuwa mai ne da ruwa-ruwa, mai zafi kamar wuta. Ni yadda nake yi, in ɗebo daga ƙasa, sannan in yayyafa man sama, don shi mutane suke biyo ni. Na zuba shinkafa, na nutsa ludayi har ƙasa, sai hannuna ya tsaya. In na zuba mai kaurin kaɗai na ƙyale man, kwanon zai kai. Ba wadda za ta gane a cikin matan nan, surutu ma suke yi. Dattijon kuwa kunya ba za ta bar shi ya ce an rage masa ba. Wallahi na so in yi. Na ɗaga kai na ga yarinyar ta zuba wa kwanon ido, ta cije leɓe, duk wahalar watannin nan tana fuskarta. Na zuba mai kaurin, na koma na kwalfo man sama cike da ludayi na kwarara masa.

Bai daɗe ba sai ga shi ya dawo, ya tallabo kwanon da hannu biyu, mai na bin yatsunsa, gaban rigarsa ya yi ja. Ya ce, "Mai abinci, ku yi haƙuri. Ya yi ƙoƙari har wurin masu awaki, daga nan ya gaji." Matan suka yi ta ayya, ayya, suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa ta karɓi kwanon ta juya shi, tana latsa gindin da yatsa inda man ya ratsa. Ni kuma na huce a kan wani bawan Allah da ya ce in ƙara masa nama.

Bayan la'asar muna wanke tukwane a gida. Can sai ta ce, "Inna, na ga lokacin da ludayin ya tsaya a ƙasan tukunya."

Na ci gaba da kankare ƙanzo.

"A raina cewa nake, Allah ya sa ki ƙyale man," in ji ta.

"To mi ya hana ki faɗa, 'yar nema?"

"Ke mi ya hana ki yi?"

Na buɗe baki in yi mata faɗa, sai kuka ya zo. Muka zauna a nan hannuwanmu cikin ruwan wanke-wanke, muka yi shi mai isarmu.

Ta tafi ana saura kwanaki a kama azumi. Na raka ta tasha, na ja wa direba kunne a kan gudu har ya gaji da ni, na tsaya sai da motar Yamai ta ɓace. Da na dawo gida na auna shinkafar dare, sai da na zuba a tukunya na ga ta mutum biyu na auna.