Usta Mitwalli da Tsagaggen Makunni

Duk wanda ya saba bin layinmu na bayan tashar jirgin Bakus, a nan Iskandariyya, ya san kukan ƙofar shagon Usta Mitwalli. Ta ƙarfe ce, irin mai naɗewa sama, kuma mutumin da ya gyara injinan wankin rabin unguwar nan bai taɓa samun sukunin ɗiga mata mai ba. Da safe yakan ɗaga ta, ya yayyafa ruwa a bakin shago, ya tsallaka wurin mai wake ya ci da gurasa a tsaye. Daga nan sai ya rataya jakar kayan aiki ya shiga hawan benaye. Yaran da aka haifa lokacin da ya fara wannan hawa da sauka, yau su ma suna aurar da nasu 'ya'yan. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, don gwiwoyinsa sun ce sun gaji.

Ba zan ce muku mutum ne mai sanyin hali ba, don matan layin za su ƙaryata ni. Idan ya zaro fil ɗin gashi daga cikin inji, sai ya ɗaga shi sama ya yi wa mai gidan huɗuba. Amma ba a taɓa ji ya ce da wani ya jefar da inji alhali da sauran rai a jikinsa ba. Kafin ya kwance ko da ƙusa ɗaya, sai ya kara kunne ya saurari yadda injin yake kuka. Kai ne likitan da ba ya yanka sai ya ji ta bakin majinyaci, Usta.

Aikin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na Ummu Midhat, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a hawa na huɗu, gidan da ke kallon shagon. Mijinta ya rasu, ciwon suga kuma ya tafi da ganinta a hankali. Ɗanta Midhat yana Alƙahira, kuma ya daɗe yana son ya ɗauke ta ta koma wurinsa. Ita kuwa ta kafe kai da fata, ta ce a ɗakin da aka kawo ta amarya za ta ƙarasa kwananta. A ƙarshe suka tsaya a kan cewa muddin tana iya girkinta da wankinta da kanta, zai bar ta.

Injin wankinta ya girmi Midhat ɗin. A cikinsa akwai wani ɗan agogo, shi ne ke gaya wa injin lokacin ɗibar ruwa, da na juyawa, da na matsewa. Wata Litinin agogon ya tsaya cak a kan ɗibar ruwa. Ruwa ya cika ya tumbatsa, ya bi ta ƙasa ya ɗiga a kan gadon maƙwabtan hawa na uku. Kafin la'asar labari ya kai Alƙahira, Midhat ya bugo waya ya ce ranar Juma'a yana tafe da mota.

Sabon inji ba zai cece ta ba, don na yanzu fuskar gilashi gare su, sai mai ido ya san inda zai taɓa. Masu ƙera irin nata kuwa sun daɗe da dainawa. Usta Mitwalli ya bi shagunan tsofaffin abokan sana'a ƙafa da ƙafa, har ya samo irin agogon a jikin wani mataccen inji a can unguwar Kabbari. Kafin ya cire tsohon, sai da ya ɗaura wa kowace waya zare mai launi dabam, don wayoyin suna da yawa, kuma idan ɗaya ta shiga gurbin 'yar'uwarta sai inji ya matse kaya tun bai jiƙa su ba. Ya ɗaura, ya kifa bokiti ya zauna, ya saurari injin tun daga ɗibar ruwa har ya yi shiru da kansa.

Sai ya yi abin da duk mai son aikinsa ya yi kyau zai yi. Makunnin da ake murɗawa a gaban injin ya tsufa, ya yi rawaya, ga tsaga a gefensa. Ya cire shi ya sa sabo fari tas, ya jefa tsohon cikin buhun tarkace. Da safiyar Alhamis Shahta ɗan gwangwan ya zo da amalankensa ya kwashe buhun.

Bayan azahar sai ga muryar tsohuwa daga baranda.

"Mitwalli! Hawo nan!"

Ya hau yana haki, ya same ta tsaye gaban injin, hannunta yana lalube.

"Me ka yi wa injina?"

"Yana aiki kamar sabo, Hajja. Kin ji dai da kunnenki jiya."

"Ina makunnina?"

"Wannan tsagaggen? Ai na hutar da ke, na sa miki sabo."

"Wa ya ce ka hutar da ni? Tsagar nan ita ce idona, mutumin Allah! A kanta nake ɗora farce, in murɗa har ta zo daidai inda fenti ya ɓare, nan ne na fararen kaya. In ƙara kaɗan, na masu launi. Wannan sumul yake kamar ƙwai, ta ina zan kama?"

Usta ya zaro zarto ya yi wa sabon ɗan tsaga a take. Ta gwada, ta wuce wurin. Ta sake gwadawa, ta tsaya a kan tafasa ruwa. Hannun ya saba da wancan shekara da shekaru, ba zai koyi wani cikin yini ɗaya ba.

"Gobe Midhat zai tsaya a kaina yana kallo," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Idan hannuna ya yi ɗari-ɗari ko sau ɗaya ne, shi ke nan. Ba mugu ba ne, tsoro yake ji."

Usta ya sauka. Ya iske Shahta a filin da suke zube gwangwan, an riga an juye buhun cikin tsibi.

"Usta, lafiya? Zinariya ka jefar?"

"Wata 'yar roba ce mai tsaga."

"Roba? Ka bar shago da rana tsaka saboda roba? Lallai tsufa ya zo da gaske."

"Rufe baki ka miƙo min safar hannu."

Shahta ya yi ta dariya, amma da ya ga dattijo ya durƙusa da waɗannan gwiwoyin yana tonon ƙarafa, sai ya tuɓe riga ya taya shi. Gab da magariba suka samo makunnin a cikin wata tsohuwar tukunya. Ni na ga dawowar Usta, wando duk tsatsa, yatsa ɗaya a naɗe da tsumma, kuma na ji tausayinsa ƙwarai.

Aikin bai ƙare a nan ba. Sandar sabon agogon ba a yanke ta kamar ta tsohon ba, don haka tsagar sai ta kalli wani gefe. Da sassafen Juma'a ya hau da zarto, yana goga sandar yana gwadawa, yana rufe ido yana murɗawa da kansa, sannan ya kama hannunta ya ɗora. Ta murɗa, farcenta ya tsaya inda ya saba.

"Yanzu ka zama mutum," ta ce. "Zauna in dafa maka shayi."

Bayan an sauko daga masallaci Midhat ya iso, ya hau da manyan akwatuna biyu da babu komai a ciki. Ya gaida Usta da "Baffa", ya sunkuya ya sumbaci hannun uwarsa. Ita kuwa sai ta ja hanci.

"Cire rigar nan, warin mota take yi."

"Haba Mama, yanzu na shigo."

"Na ce cire."

Ya tsaya da singileti, magidanci guda, yana kallo. Ta jefa rigar cikin inji, ta zuba garin sabulu, ta murɗa makunnin ba tare da ta ko juyo ba, tana tambayarsa lafiyar yara. Ruwa ya shiga, ya tsaya inda ya kamata, inji ya fara juyawa. Midhat ya fita baranda ya share ido. Da yamma muka ga ya sauko da akwatunansa, yana lilo da su da hannu ɗaya.

Usta Mitwalli, kai ne ka yi kuskure, ba ka tsaya kare kanka ba, ka bi shi har bola ka ɗauko. Mutanen layi suna gode maka, Allah ya hutar da gajiyarka, ya ba gwiwoyin nan lafiya. Ku kuma masu tasowa a sana'a, idan kun shiga gidan mutane ku tambaya kafin ku jefar da abin da kuke ganin ya tsufa, don ba ku san me yake riƙe ba. Mai shakka ya biyo ta layinmu ya ɗaga kai. Ummu Midhat tana nan a hawa na huɗu, ga shanyarta can a igiya.