Sun Jira Na Shiga Takaba

Me yaron nan yake so in ce masa ranar da ya zaunar da ni kallon fim ɗin nan? Har yau ban sani ba. Ban yi karatu ba, faɗa nake yi ana rubuta min, kuma na ce kada a gyara min magana ko da ta yi zafi.

Jikana ne, ɗan babban ɗana, yana shekararsa ta ƙarshe a sakandare. A nan Jidda aka haife shi, a gidanmu na Madain Fahd. Mun saba bayan la'asar in dafa jabana, gahawar mutanen Sudan, shi kuma ya kunna talabijin ɗin falo yana faɗa min abin da ake cewa, rabi Larabci rabi Hausarsa mai karkata. Ina tsokanarsa da ango mai rowa, yana ce min Haboba, wato kaka, mai surutu.

Ran nan ya sa wani fim na Turawa, na 'yan makaranta. Abin dariya ne. Wani yaro ne abokansa suke ta haɗa shi da 'yan mata yana zillewa, har ya ɓuya a ɗakin da ake ajiye tsintsiya. Na yi dariya sosai. Can sai na gane ashe yaron wani namiji ɗan'uwansa yake so. Da aka zo inda yake gaya wa uwarsa, sai jikana ya daina fassara. Ya juyo yana kallona. Na ce masa kofinsa zai huce. A ƙarshen fim ɗin yaran biyu suka riƙe hannu a wurin rawar makaranta, kowa yana tafi.

Na san abin da addini ya ce, ba na jayayya da shi. Amma ina jin haushin waɗanda suka yi fim ɗin. Sun zauna a ƙasarsu sun shirya ƙarshe mai tafi da kiɗa, ba su damu ba ko wani yaro a nan zai kalla ya ɗauka haka duniya take ko'ina. Su sun karɓi yabo. Mu aka bari da abin da ya biyo baya.

Talabijin ɗin yanzu yana tuna abin da aka kalla. Ranar Juma'a maza 'yan'uwanmu Hausawan Sudan suka zo duba maigidana, Alhaji, wanda shanyewar jiki ta kwantar. Ɗana ya kunna musu ƙwallo, sai ga hoton yaran nan biyu ya cika bango. Wani maƙwabci ya yi dariya, ya tambaya ko wane ne mai wannan zaɓi a gidan. Ɗana ya yi sauri ya mayar da ƙwallon. Kafin magariba maganar ta zaga unguwa.

Ɗana direba ne a wani gida a Abhur. Yana haƙuri da ihun 'ya'yan mutane daga safe har dare, amma bai iya zama ya tambayi nasa ɗan ba. Bai tambaye shi komai ba. Ya fasa masa waya, ya cire shi daga makaranta, ya kai shi ɗaukar kaya a wani sito a Khumra. Sannan ya ce zai soke masa iƙama, takardar zama a ƙasar, ya tura shi ƙauyenmu a Sudan, wurin dangin da bai taɓa gani ba. Yaron a ƙarƙashin iƙamar ubansa yake, kuma yanzu da ɗan yatsa a waya ake fitar da mutum daga ƙasa.

Na ce masa fim kawai yaron ya kalla. Ya ce, "Inna, ni ne nake shiga masallaci ana kallona, ba ke ba." Wato ba Allah yake tsoro ba, idon mutane yake tsoro. Na gaya masa haka a fuskarsa.

Alhaji, da bakinsa da ya karkace, ya sa aka kira shi. Ya ce muddin yana numfashi ba mai fita daga gidan nan. Ɗana ya ce halas, shi ke nan, ya sunkuyar da kai. Na ɗauka ya ji. Ashe jira yake yi.

Alhaji ya rasu, na shiga takaba. Kowa ya san mai takaba ba ta yawo. Ba zan iya zuwa wurin dattawan unguwa ba, ba zan iya zuwa Khumra ba, balle filin jirgi. Lokacin ya zaɓa. Ɗan da na goya a baya na yi ɗawafi da shi, ya dubi uwarsa cikin takaba ya ga dama ce ta samu. Matan da suka zo min ta'aziyya sun san ana shirin tura yaron, suna shan shayina suna min addu'a, ba wadda ta buɗe baki. Sai da jirgi ya tashi uwar yaron ta shigo tana kuka ta gaya min. Ko sallama ba a bari ya yi min ba.

Tun da aka fara yaƙi a can, sai a daɗe ban ji muryarsa ba. In ya samu ya kira, ya tambayi gwiwata, in tambaye shi ko yana cin abinci. Ɗana yana kawo min magani yana gaishe ni, ina amsawa don hakkin haihuwa. Ban yafe ba tukuna, kuma ba zan yi ƙarya in ce na yafe ba.

Ina kuka don Alhaji kullum, ba na ɓoyewa. Har shi ma wani lokaci ina jin haushinsa, don ya san abin da zai faru. Safiyar da zai rasu ina shafa masa ruwa a leɓe, ya kama wuyan hannuna da hannunsa mai motsi, ya ce:

"Ki yafe min, zan bar ki da su ke kaɗai. Kada ki bari ya hau jirgi."