Wanzamin da Ya Tsaya wa Kofur Dikko

Da an idar da sallar asuba a Kebbe, Namadi wanzami yakan rataya zabirarsa, ya shimfiɗa tabarma a bakin kasuwa, ya wasa askarsa kafin masu aski su fara zuwa. Idan da suna a gari, gidan jego yake fara zuwa. Ranar kasuwar Fakku ko ta Tambuwal kuwa, sai ya hau kekensa. Haka yake tun kafin a haifi yawancinmu. Bana idonsa ya yi rauni, ya ce ba zai ɗora aska a kan mutum yana lalube ba. Ya ajiye sana'a, ba a tara ko mutum goma don yi masa godiya ba. Ga shi kuwa akwai alherin da ya yi a garin nan, muka saka masa da abin da ba shi da daɗin faɗi.

Kofur Dikko ya tafi yaƙin basasa yana saurayi, aka sallame shi daga soja bayan an ƙirƙiro Jihar Sakkwato. Ya dawo babu tabo ko ɗaya a jikinsa. Amma a shekarun nan da kuɗin mai suka cika gari da babura, idan salansar babur ta yi ƙara a kasuwa sai a ga ƙaton mutum kwance a ƙasa ya rufe kansa da hannu. Ranar layya ƙaurin babbaka kan kore shi daji. Yakan fara noma, ya bar fartanya a tsakiyar kunya ya tafi. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce shaye-shaye ya koyo a bariki, muka yi ta faɗa ba mu tambaye shi ba.

Dikko ba ya yarda kowa ya tsaya a bayansa, balle da ƙarfe a hannu, har gashinsa ya cukurkuɗe. Namadi ne ya samo dabara. Yakan zaunar da shi ya jingina da bango, ya ba shi askar ya riƙe sai ransa ya kwanta, sannan ya riƙa sanar da shi duk inda zai taɓa. Ba ya kuma karɓar kowa sai ya gama da shi.

Gwamnati ta tanadi fansho da magani ga sojan da yaƙi ya nakasa, amma sai kwamitin likitoci a Sakkwato ya tabbatar. Zuwan farko, yayan Dikko, Malam Abdulhamidu, ne ya raka shi, ya sa masa babbar riga da hula sabuwa, yadda ake fita gaban manya. Likita ya tambayi Dikko jikinsa, ya ce alhamdu lillahi. Ya tambayi Malam, ya ce lafiyarsa lau. Likita bai ga rauni ba, bai ji ƙorafi ba, ya sallame su. Ba mugunta ce ta sa Malam ba, domin daga rumbunsa iyalin Dikko suke ci. Tsoron abin da za mu ce ne, kuma ya san mu sarai.

Da aka sake kiran waɗanda ba su gamsu ba, aka ce kowa ya zo da wanda ya san halinsa. Bara'atu, matar Dikko, tana bayan zana ta ji yadda mijinta da Namadi suka yi ana cikin aski.

"Baba Namadi, in na koma da Malam, lafiya lau za shi ce. Kai ka san yadda nike."

"Kofur, abin da nika gani bisa kan mutum, ko matata ba ta jin shi. In kai ka ce in faɗi, sai in faɗi. Amma ba ni ragewa."

"Kak ka rage. Ɗiyana fuɗu, hatsin wani suka ci. Na gaji."

"To, zauna wuri guda, kada in kai ka gaban likita da kunne ɗaya su ce ga raunin an gani."

Bara'atu ta ce ta daɗe ba ta ji mijinta ya yi dariya irin ta ranar ba.

Labari ya kai ga Malam Abdulhamidu, ya tare Namadi a ƙofar masallaci.

"Namadi, gidanmu gidan karatu na. Ka tafi ka ce ma gwamnati muna da mahaukaci? Wa ka ɗaukar ɗiyanmu mata? Wa ka bin mu salla?"

"Allah gafarta Malam, ban ce mahaukaci ba. Ciwo nic ce, kuma mai ciwon shi ya aike ni."

Namadi da Dikko suka shiga mota zuwa Sakkwato, Dikko a kujerar ƙarshe don kada kowa ya zauna a bayansa. A gaban likitoci Namadi ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara ba, bai rage ba, Dikko yana zaune kansa a sunkuye yana amsawa da "haka na". Aka riƙe Dikko aka duba shi da kyau, aka sa shi a magani, fansho kuma ya fito. Bai warke sarai ba, amma yau yana noma gonarsa har ƙarshen kunya, iyalinsa suna ci daga guminsa.

Mu kuwa sai muka hukunta Namadi. Aka ce wanzamin da ya buɗe baki a gaban hukuma ba ya shiga gidan mutunci. Gidajen da ya yi wa iyaye da 'ya'ya askin suna suka koma kiran wani daga Sanyinna. A gidajen biki mu mata muka yi ta jujjuya zancen, har da mu da muka yi makaranta, muka kuma san cewa ƙwaƙwalwa tana ciwo kamar yadda ƙafa take yi. Dattijo ya koma tuƙa keke zuwa Tambuwal neman abin sawa a baka, bai taɓa kai ƙarar kowa ba.

Baba Namadi, kai ne ka san bambancin rufin asiri da binne mutum da ransa. Kai ne amintaccen da ka riƙe sirrin gari shekara da shekaru, ba ka saki guda ba sai da mai shi ya roƙe ka. Mun gode, kuma muna neman gafararka. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara wa idonka haske, Ya sa ka gama lafiya.

Har yau akwai irin Dikko a Fakku da Sanyinna da cikin Tambuwal, 'yan'uwansu suna amsa musu da lafiya lau. Kwamitin zai sake zama bayan kaka. Da aka gaya wa Namadi, ya ce, "Ni yanzu ƙafata ba ta kai ni Sakkwato. Amma ai ku ma kuna ganinsu."

Muna ganinsu. Duk wanda yake da irin wannan maƙwabci, ya je ya zauna gabansa, ya tambaye shi ko yana son a raka shi.