Fuskar da Aka Aike Ni Ɗaukowa a Makka

Har gobe ba zan manta da ranar da muka baje gilasan kyamara a kan teburin Malam Sule ba, ana dab da tashin jirgin alhazanmu. A farkon shekarun Shari'a ne. Ina ƙaramin mai ɗaukar hoto a sashen yaɗa labarai na wata ƙaramar hukuma a masarautar Daura, Malam Sule ne shugaban sashen, kuma ni aka zaɓa in bi alhazai in ɗauko hotunansu.

Ga wanda bai san aikin ba, kyamara ɗaya ce, gilashin bakinta ake sauyawa. Uku gare mu, kowanne da sunan da muka laƙaba masa. Faffaɗa yana kwashe taro gaba ɗaya. Ƙarami yana fito da fuska tas, amma sai ka matso kusa. Dogo kuwa yana jawo na nesa, ga nauyi kamar taɓarya. Jakata biyu kawai za ta ɗauka idan aka zuba fim. Faffaɗa babu gardama a kansa, shi ne na aikin hukuma.

Ni Ƙarami nake so, kuma ina da dalili. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Inna Rabi, ta ba ni aike. Tun suna yara mahaifinsu ya tafi Makka ta ƙasa da ƙanwarta Hajara, ba su dawo ba. Gaisuwa tana zuwa ta bakin alhazai, amma ido bai sake ganin ido ba. Ta riƙe bakin rigata ta ce, "Ɗan nan, ba dabino nake so ba, ba zamzam ba. Fuskarta za ka kawo min."

Na ce wa Malam Sule, "Yallaɓai, akwai fuskar da zan ɗauko, Ƙarami ne maganinta."

"Fuskar wa?"

"Ta wata dattijuwa."

"Matar wani ke nan. Ajiye shi ka ɗauki Dogo. Kai da ake kora daga ɓangaren mata a kowane biki a garin nan, a Makka ne za a shimfiɗa maka darduma a gabanta?"

Raina ya ɓaci, amma babba ya yi magana. Na saɓi Dogo ina ƙunƙuni. Daga Mina zuwa Arfa kafaɗata ta yi tsami, ba don harami da ke jikina ba da Malam Sule ya sha zagi a ɓoye.

Bayan an gama aikin Hajji na bi kwatance har wata unguwar Hausawa a kan dutse. Ɗan Hajara, Usman, ya tarbe ni, Hausarsa duk ta cakuɗe da Larabci. Da ya ji abin da ke tafe da ni sai ya sunkuyar da kai.

"Wallahi ka zo a wani irin lokaci. Babanmu ya rasu, Umma tana takaba. Baƙon namiji ba ya shiga wurinta."

Ga shi jirginmu zai tashi tun kafin ta fita takaba. Na roƙe shi ya gaya mata ko wace ce ta aiko ni. Ya shiga. Ina zaune na jiyo kuka daga ciki. Can ya fito ya ce, "Ta ce in dai don Yaya Rabi ne, za ta hau saman gida ta zauna. Kai kuma ka hau na maƙwabcinmu, a ƙetaren lungu."

Haka aka yi. Ta zauna a rana cikin farin mayafi, ba kwalli ba komai. Da Ƙarami na zo da shi, da kamar ƙwayar gero za ta fito. Na ɗora Dogo a kan katanga, na jawo ta har ina ganin hawayen da ke kumatunta. Tausayi ya kama ni sosai.

Da muka dawo Daura ni na wanke hoton da hannuna, na yi shi babba. Inna Rabi ta kai shi bakin ƙofa wurin haske, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ba Hajara ba ce," in ji ta.

Na matso in sake duba hoton, sai ta ci gaba.

"Innarmu ce. Haka take sak ranar da na yi mata ganin ƙarshe." Ta manna hoton a ƙirjinta tana kuka. Ashe ita yarinya take jira in kawo mata.

Ku yaran yanzu da kuke tambayata wane gilashi za ku saka a jaka, ga abin da na koya. Kada ka tsaya a kan abin da kake son ɗauka. Fara tambayar kanka iya inda mutanen za su yarda ka tsaya, don sau da yawa wanda ya fi buƙatar hoton shi ne wanda ba za ka iya matsawa kusa da shi ba.