Watandar jirgin Mushe Hamadu

Shekara huɗu ke nan da sanƙarau ya ɗauke abokina Mushe Hamadu, malamin lakwal, wato makarantar boko, a nan Gure, inda ake kiran malaman boko Mushe. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Niyyata in faɗi alherinsa kawai, in yi addu'a, in ajiye alƙalami. Na kasa. Duk sanda na tuna shi sai in tuna abin da aka yi wa jirginmu, sai raina ya ɓaci.

Hamadu ɗan Gaya ne, a bakin kogi ya tashi, gwamnati ta turo shi cikin rairayinmu. Ni kuwa majo ne, wato malamin jinya, a gidan likita. A shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa aka yi wata damina wadda tsofaffi suka ce rabonsu da irinta tun suna yara. Wani kwari da ke kan hanyar Bune ya cika ya zama tabki, ya raba mu da ƙauyukan ƙetare. Mai ciwo ko mai naƙuda sai an kewaya da shi ta kan tuddan yashi, tafiyar da ke cinye wuni guda. Da yawa sukan iso hannuna bayan aiki ya riga ya ɓaci.

Hamadu ne ya ce a sayi jirgi. Jirgi a Gure! Har a kasuwa an yi ta yi masa dariya. Albashi kuma a lokacin sai ya ga dama yake zuwa, shi kaɗai ba zai iya ba. Sai muka haɗa hannu mu huɗu: shi, da ni, da Alhaji Mamadu mai shago, da Ari mahauci. Aka ɗoro mana kwalekwalen katako daga wajen Diffa a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Sharaɗi ɗaya Hamadu ya kafa, cewa ran kasuwa a ɗauki fasinja, amma marar lafiya kyauta ne, ko yaushe ya zo. Da an tashi daga lakwal za ka gan shi ya naɗe wando, alli bai ma fita daga hannunsa ba, yana tura jirgi da gora. Wallahi a daminar nan ban rasa mai jego ko ɗaya daga ƙetare ba.

Da bazara ta kama, annoba ta shigo. Kwana kaɗan Hamadu ya yi a kwance. Bayan mun binne shi aka tura ni Kelle aikin rigakafi, na daɗe can. Ranar da na dawo, sai na tarar da tulin katako jingine a ƙofar gidana, ga Ari yana jirana yana washe baki.

"Majo, sannu da hanya. Ga kasonka nan. Ƙuri'a muka yi, ba a cuci kowa ba. Kai ma ka taki sa'a, tsakiya ce ta faɗo maka, tsoka zalla."

Na daɗe ina kallon katakon kafin in gane abin da nake kallo. Sun sa zarto sun yanka jirgin gida huɗu.

Mu nan haɗin gwiwa ɗaya muka iya, shi ne watanda. A haɗu a sayi sa, a yanka, a kasa nama, kowa ya kwashi nasa a watse kafin magariba. Abin da ba a rabawa, wanda sai yana haɗe yake da amfani, bai taɓa shiga kan mutanen nan biyu ba. Na je shagon Alhaji na tuhume shi. Ko gezau. Ya gyara zama ya ce, "Haba Majo, akwai haƙƙin marayu a ciki fa. Ya za a bar gado cikin ruwa yana ruɓewa?" Ka ji fa! Ko wane malami suka tambaya, oho. Marayun da ake faɗa, goshin jirgin aka kai wa uwarsu Hadiza tana cikin takaba. Ita ma 'yar bakin kogi ce. Ta ce mini, "Majo, ko mahaukaci a garinmu ba ya yi wa jirgi haka." Da ta tashi komawa Gaya, a tasha ta bar katakon.

Bana ma tabkin ya cika maƙil. Nakan tambayi kaina, da Hamadu zai leƙo, me zai ce? Zai ga kason Alhaji ya zama kantar jera sukari da sabulu. Zai ji Ari ya sayar da nasa a kasuwa. Zai kuma ga su biyun a sahun gaba wajen taron neman masu furoje, wato ƙungiyoyin agaji, su taimaka wa garin da jirgi, suna cewa ai marigayi mutumin kirki ne, ya yi hangen nesa. Tir! Ni dai na san shi, ba zai zagi kowa ba. Zai tambayi nawa ne kamiyo zuwa Diffa. Wannan haƙurin ne ni ban gada ba.

To me ya rage na Hamadu? Akwai yaran da aka haifa a waccan daminar, suna nan suna guje-guje a ƙetare, ba su san sunansa ba. Akwai kuma abin da na gani watan jiya. Maza huɗu suka shigo gidan likita da la'asar, ƙafafunsu duk yashi, ɗauke da wata mata, Falmata, a kan ƙyauren ɗaki. Tun asuba suke kewaye tabkin da ita tana naƙuda. Da muka sauke ta, sai na ga layin tsumma da kwalta a jikin ƙyauren, toshin da Hamadu ya yi wa jirgin ne da hannunsa, ko ɓamɓarewa bai yi ba. Mijin ya ce wajen Ari ya sayi katakon, da araha.

Uwar ta tashi. Ɗan, namiji, bai zo da rai ba. Washegari mijin ya saɓa ƙyaurensa ya kama hanyar yashi, don ɗakinsu a buɗe ya baro shi.